Habana: Me ya sa wannan gida ke sheƙi, na jikinsa kuma yana zubewa?

Duk wanda ya sauka Habana, babban birnin Kyuba, ya shiga tsohon gari da ƙafa, abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne yadda gyararre da ruɓaɓɓe suke jingine da juna. A titin Mercaderes ko na Oficios gidaje ne reras, wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi, na gaba kore, barandarsu ta katako ko ta ƙarfen ƙira tana leƙo titi, saman ƙofofi da gilashi kala-kala mai siffar rabin wata. Ka karya kwana ka nufi kudu, wajen unguwar San Isidro ko Jesús María, 'yar tafiya kaɗan, sai ga gidaje irin waɗancan sak, tsayi ɗaya, ado ɗaya, amma fenti ya daɗe da tafiya, shafe ya zube har ana ganin dutse, an tokare baranda da katakai, bishiya ta tsiro a tsagar bango a hawa na uku. Kuma da mutane a ciki. Ga shanya a igiya, ga tsohuwa ta zuro kwando daga sama tana sayen burodi, ga yara da kayan makaranta suna fitowa daga ƙofar da kai baƙo za ka ji tsoron tsayawa a ƙarƙashinta.

Masu ziyara sukan koma gida da ɗaya daga cikin amsoshi biyu. Wasu su ce gurguzu ne ya kashe birnin, wasu su ce takunkumin Amurka ne. Kowace amsa da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma babu wadda ta faɗi dalilin da ya sa gine-ginen suke tsaye har yanzu, alhali a manyan birane da yawa na wannan yanki an daɗe da share irinsu an dasa dogayen benaye na gilashi. Abin da na fahimta shi ne, hannun da ya tsare Habana daga katafila shi ne kuma ya bar ta ga ruwan sama da gishirin teku. Sai an riƙe waɗannan biyun tare ake gane abin da ido ke gani a titi.

An kafa Habana a inda take yanzu a 1519, a bakin wata tashar jiragen ruwa mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki, irin wadda jirgi ke shiga ya fake daga guguwa. Sifaniyawa suka mai da ita matattarar jiragen da ke ɗauke da azurfa da zinariyar Meziko da Feru. A nan ake haɗuwa, a jira juna wata da watanni, sannan a ƙetare Tekun Atilantika cikin ayari. Inda dukiya ta taru kuwa ɓarawo ba ya nisa. A 1555 wani ɗan fashin teku Bafaranshe, Jacques de Sores, ya ƙone garin, daga nan aka shiga gina sansanonin dutse, Real Fuerza da Morro da ke bakin mashiga, daga baya kuma ganuwar da ta kewaye gari. Duk da haka Turawan Ingila suka ci birnin a 1762, suka riƙe shi wata 11, sai da Sifaniya ta ba su Fulorida kafin su saki. Tsoron kada a maimaita ne ya sa aka gina ƙaton sansanin La Cabaña a ƙetaren tashar, inda har yau ake harba igwa da ƙarfe 9 na dare, kamar yadda ake yi a da don shelar rufe ƙofofin gari.

Manyan gidajen da baƙo ke ɗauka hoto kuwa, da yawansu kuɗin sukari ne. Bayan bayi sun yi tawaye a Haiti a 1791, kasuwar sukari ta karkato Kyuba, gonakin rake suka bazu, aka yi ta jigilar 'yan Afirka dubban ɗaruruwa, cikinsu har da Yarabawa da ake kira Lukumi a can, da mutanen yankin Kalaba da na Kwango. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Arzikin ya kai har Kyuba ta shimfiɗa layin dogo a 1837, shekara 11 kafin a yi na farko a cikin ƙasar Sifaniyar da ke mulkinta. Wannan tarihi yana nan a tsarin gidajen. Hawa na ƙasa, mai ƙatuwar ƙofar da keken doki ke shiga, rumbun kaya ne da barga. Can sama, inda iska ke kaɗawa, rufi ya yi nisa da kai, nan iyalin mai gida suke. Tsakanin biyun akwai wani gajeren hawa mai ƙananan tagogi, mazaunin bayin gida da wurin lissafin ciniki. Duk sanda aka mai da irin wannan gida otal ko gidan tarihi, aka goge marmara tana ƙyalli, nakan so a ce ana tsayar da mai ziyara a wannan gajeren hawa a gaya masa su wa suka kwana a ciki, su wa kuma suka fasa dutsen da yake shafawa. Gidan tarihi na Casa de África da ke titin Obrapía yana ƙoƙari a wannan fanni, sai dai gida ɗaya ne cikin ɗaruruwa.

Akwai wani gado kuma da Musulmi zai gane da gani. Maginan da suka zo daga kudancin Sifaniya sun taho da fasahar Andalus: gida ya buɗe cikinsa ga tsakar gida, da matarar ruwan sama a ƙarƙashinta, da rufin katako da aka sarƙa shi cikin zane. Tituna an yi su matsattsu da gangan don inuwa, daga baya kuma dokar gini ta 1861 ta wajabta rumfa mai ginshiƙai a gaban gidajen manyan hanyoyi, ta yadda mutum zai yi doguwar tafiya rana ba ta taɓa shi ba. A titin Oficios, daura da Casa de los Árabes, gidan tarihin al'adun Larabawa, aka buɗe masallacin Abdallah a 2015 cikin wani tsohon gini da aka gyara.

Ganuwar gari an fara rusa ta a 1863, birni ya malala yamma. Masu hali suka bar matsatsin tsohon gari suka koma unguwar Cerro, daga baya Vedado, daga baya kuma Miramar a ƙetaren kogin Almendares. Gidajen da suka bari sai aka yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba talakawa haya, iyali guda a ɗaki guda, famfo da banɗaki na kowa da kowa a tsakar gida. Irin wannan gidan haya shi mutanen Habana ke kira solar, kuma ya cika tsohon gari tun kafin a haifi Fidel Castro, jagoran juyin juya halin 1959, batun da masu ɗora komai a kan wannan juyin suke tsallakewa. Tsohon gari na tsufa, sabon yana bunƙasa. An fara Malecón, titin bakin teku mai tsawon kusan kilomita 8, a 1901. An gama Capitolio, ginin majalisar dokoki mai ƙubba, a 1929, Hotel Nacional da ginin Bacardí a 1930, sai otal ɗin Riviera da Meyer Lansky, ɗan dabar Amurka, ya gina don caca a 1957.

A waɗannan shekaru na 1950 ne gwamnatin Fulgencio Batista ta ɗauko José Luis Sert, masanin tsara birane ɗan Sifaniya da ke koyarwa a jami'ar Harvard ta Amurka, shi da abokan aikinsa, su zana mata Habana ta gobe. Taswirar da suka fitar ta tanadi a faɗaɗa titunan tsohon gari don motoci, a fasa cikin rukunonin gidaje a yi wuraren ajiye mota, a kuma cike wani yanki na teku gaban Malecón a yi tsibirin otal-otal da gidajen caca. An ma riga an ɗanɗana irin wannan tunani a dandalin Plaza Vieja, inda aka haƙe tsakiyarsa a 1952 aka yi garejin ƙarƙashin ƙasa. Batista ya gudu ranar 1 ga Janairu, 1959, taswirar ta zauna a durowa.

Sabuwar gwamnatin juyin juya hali ta su Castro ta zo da nata lissafin. A ganinta Habana ta daɗe tana cin rabon ƙauye, don haka siminti da rodi suka tafi gina makarantu da asibitoci da gidaje a larduna. A cikin birni kuma, a Maris 1959 aka zabge kuɗin haya har zuwa rabi, sannan dokar gyaran birane ta Oktoba 1960 ta soke sana'ar bayar da haya: mai haya ya ci gaba da biya na wasu shekaru, gida ya zama nasa. Kasuwar saye da sayar da gidaje ta mutu, abin da ya rage shi ne musaya, ka ba ni naka in ba ka nawa, har sai da aka sake buɗe kasuwar a 2011.

Adalcin da ke cikin wannan doka ba abin rainawa ba ne. Dubban iyalai sun samu barci ba fargabar mai gida zai watso musu kaya waje. Kuma da yake fili ya daina zama haja, babu ɗan kasuwar da zai rushe gida mai hawa uku don ya dasa mai hawa talatin, shi ya sa Habana ta tsira da unguwanninta cur. Sai dai dokar ta bar wata tambaya a buɗe: rufin na wa ne? Bene mai iyali ashirin, kowa da ɗakinsa, to wa ke da rufi, da matakala, da bututun ruwa, da bangon waje? A takarda nauyin yana kan hukuma da mazauna. A zahiri hukuma ba ta da isassun kuɗi da kaya, mazauna kuwa albashinsu bai kai ga siminti ba, in ma an same shi a kanti. Takunkumin da Amurka ta fara ƙaƙabawa a 1960, ta kuma kammala shi a 1962, ya ƙara wa kayan gyara tsada da wuyar samu. Lokacin da gwamnati ta waiwayi matsalar muhalli a birnin, daga 1971, ƙarfinta ya tafi ne ga gina sababbin benaye a bayan gari, irin su Alamar a gabas, inda ma'aikata ke haɗa ƙungiya su gina wa kansu. Tsofaffin unguwanni aka bar su suna jira.

Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san gida ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ne ke toshewa a ƙyale shi damina guda, a tsallake yaɓe shekara biyu, ruwa ya sami hanya, daga nan sai jiran rana. Gidan dutse da na kankare ma haka suke, illa dai sun fi haƙuri. Iskar da ke tasowa daga tekun Habana ɗauke take da gishiri, a watannin sanyi kuma igiyar ruwa kan tsallake katangar Malecón ta wanke gidajen da ke fuskantarta, ban da guguwa irin Irma da ta shigo da teku cikin unguwanni a 2017. Gishirin ya ratsa kankare ya isa ga ƙarfen da ke ciki, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa sau da yawa gidajen zamanin Sifaniyawa, masu kaurin bangon dutse da farar ƙasa, sun fi jurewa a kan benayen farkon ƙarni na 20, waɗanda aka yi rufinsu da daɓensu da dogayen ƙarafa da falalen siminti a tsakani. Baranda ce ta fi haɗari, don a reto take, ruwa na dukanta sama da ƙasa.

Sai kuma cunkoso. Da yake sababbin gidaje ba su isa ba, ɗa ya yi aure ya zauna gidan iyaye, jika ma haka. Rufin tsofaffin gidajen yana da nisa ƙwarai, sai mutane suka riƙa raba tsayin biyu da katako ko kankare, su sami ɗakin kwana a sama, abin da suke kira barbacoa. Daga titi ma za ka gane ta, don za ka ga doguwar taga an tsaga ta biyu. Wasu suka gina ɗaki a saman rufi. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, don haka kowane iyali da tankinsa, a rufi ko a cikin ɗaki, nauyin da magini na farko bai taɓa lissafawa ba. Kowane ɗakin da aka yanka ya jawo nasa bututun banɗaki da na wanke-wanke, su yi ta yoyo cikin bango shekara da shekaru. Ban ga laifin waɗannan mutane ba ko kaɗan. Mutum ne ke neman inda zai sa haƙarƙarinsa shi da 'ya'yansa. Amma ginin ba ya sanin uzuri, nauyi kawai yake ji da laima.

Mazauna sun fi tsoron ranar da ke biyo bayan ruwa, lokacin da bango ya sha ya ƙoshi, rana ta buge shi ya fara bushewa, sai a ji ruguzowa. Injiniyoyin ƙasar suna da wani rukuni na gine-ginen da lissafi ya ce ya kamata a ce sun faɗi tuntuni, amma suna tsaye, ana kuma kwana a cikinsu. A Janairu 2020 baranda ta faɗo a unguwar Jesús María ta kashe yara mata uku 'yan makaranta. A Oktoba 2023 wani bene ya rufta a titin Lamparilla, mutum uku suka rasu, biyu daga cikinsu masu aikin ceto ne. Wanda gidansa ya faɗi akan kai shi matsugunin wucin gadi, sau da yawa a bayan gari, inda wasu ke shafe shekaru, shi ya sa da yawa suka gwammace su zauna ƙarƙashin tsagaggen rufi a tsakiyar gari, kusa da aikinsu da danginsu. Gwamnati da kanta ta amsa cewa ƙasar tana da giɓin gidaje sama da 800,000.

To, su gyararrun fa? Kusan duk abin da ke sheƙi a tsohon gari yana komawa ga ofishi ɗaya da mutum ɗaya. Ofishin Masanin Tarihin Birni, wanda Emilio Roig de Leuchsenring ya kafa a 1938, ya koma hannun almajirinsa Eusebio Leal a 1967, lokacin yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Leal ɗan talakawa ne, ya bar makaranta da wuri, da ƙoƙarin kansa ya yi karatu kafin daga baya ya shiga jami'a. Ya fara da fadar gwamnonin Sifaniya da ke Plaza de Armas, aikin da bai ƙare ba sai 1979. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne ranar da aka zo za a zuba kwalta a kan titin gaban fadar, wanda aka shimfiɗe da guntayen katako, ya kwanta a ƙasa ya tare hanya. Titin katakon yana nan har yau. A 1982 hukumar UNESCO ta sa tsohon gari da sansanoninsa cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya bambanta Leal da sauran masu son tarihi ya fito ne a lokacin wahala. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, tattalin arzikin Kyuba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba mai, ba wuta, abinci ya yi ƙaranci. A irin wannan hali babu wanda zai ware kuɗin baitulmali don gyaran tsofaffin gidaje. Leal ya shawo kan Castro a kan wata dabara: a bar tsohon gari ya ciyar da kansa. Doka mai lamba 143 ta Oktoba 1993 ta ɗora ofishinsa kai tsaye ƙarƙashin majalisar ƙoli ta ƙasa, ta ba shi ikon kafa kamfanoni, da karɓar haraji daga masu kasuwanci a yankin, da juya ribar cikin aikin gyara. A 1994 aka kafa kamfanin Habaguanex. Sai a gyara gida guda a mai da shi otal ko gidan abinci, kuɗin wajen da baƙi suka kashe a ciki a gyara na gaba da shi. Ta haka otal-otal irin su Ambos Mundos da Santa Isabel da Florida suka farfaɗo. Ta haka kuma aka fasa garejin Plaza Vieja a tsakiyar shekarun 1990, aka mayar da dandalin da maɓuɓɓugar ruwansa, aka bi gidajen da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya.

Inda na fi girmama mutumin shi ne ƙin da ya yi a mai da tsohon gari gidan kallo wanda babu mazauna. A Plaza Vieja, dandalin da ya fi jan baƙi, akwai makarantar firamare, yara na fitowa motsa jiki a tsakiyar masu shan gahawa. Tsohon gidan ibada na Belén ya zama cibiyar kula da tsofaffi. An buɗe gidan kula da mata masu ciki. An riƙa kai azuzuwan firamare cikin gidajen tarihi, yara su yi karatu a can na wani lokaci. Tun 1992 kuma, da tallafin Sifaniya, aka kafa makarantar koyon sana'a mai sunan Gaspar Melchor de Jovellanos, inda matasa ke koyon aikin birkila da sassaƙar dutse da kafinta da ƙira da haɗa gilashi mai launi. Wannan makaranta a wurina ta fi kowane otal daraja, don tsohon bango yana da nasa magani. In aka shafe bangon farar ƙasa da siminti, laima ta maƙale a ciki, dutse ya ruɓe a ɓoye. Sai wanda ya koya da hannu yake sanin wannan.

Amma dabarar tana da iyaka, kuma iyakar a cikin ginin dabarar take. Kuɗi daga aljihun baƙo yake fitowa, don haka gyara ya bi sawun baƙo: dandali huɗu, wato Armas da Catedral da San Francisco da Vieja, sai titunan da ke haɗa su. Yankin tarihi gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, mai gine-gine sama da 3,000, a birnin da ke da mutum kusan miliyan 2, kuma ko a cikinsa wani sashe ne aikin ya kai. Gidan da ke ɗauke da iyali da yawa, in aka gyara shi yadda ya kamata, ba zai ɗauki duka ba, don haka wasu sun dawo sababbin ɗakuna, wasu kuwa an mai da su unguwannin bayan gari irin su Alamar. Centro Habana, ƙaramar hukumar da ta fi kowace cunkoso, mai cike da waɗancan benaye na ƙarfe da siminti, yawancinta tana wajen wannan tsari. Ka bi titin San Lázaro ko Neptuno za ka ga giɓi tsakanin gidaje, inda wani bene ya taɓa tsayawa.

A 2016 aka ɗauke Habaguanex daga hannun ofishin aka miƙa shi ga GAESA, rukunin kamfanonin sojoji. Ofishin ya ci gaba da aiki, amma igiyar da ta haɗa kuɗin otal kai tsaye da gyaran unguwa ta yi rauni. Manyan ayyuka dai an kammala wasu. Tsohon ginin kantuna na Manzana de Gómez ya zama otal ɗin alfarma na Kempinski a 2017. Capitolio, bayan kusan shekara 10 ana aiki, an gama shi a 2019 don bikin cikar birnin shekara 500, Rasha ta taimaka da zinariyar ƙubba, alhali a gefensa gidan wasan Campoamor ya shafe shekaru da dama a kango. Leal ya rasu ranar 31 ga Yuli, 2020, mutanen unguwa suka rataya fararen zannuwan gado a barandoginsu don juyayi.

Abin da ke ci min rai shi ne inda siminti ke tafiya tun daga lokacin. Masu ziyartar Kyuba sun kai kimanin miliyan 4.7 a 2018, sannan suka yi ƙasa: Amurka ta hana jiragen ruwan yawon buɗe ido zuwa a 2019, annobar korona ta biyo baya, zuwa 2024 adadin ya tsaya wajen miliyan 2.2. Duk da haka aka ci gaba da gina sababbin otal-otal, har da wani dogo mai hawa sama da 40 a Vedado, wanda ya fi kowane gini tsawo a ƙasar. Hukumomi na cewa otal ne ke kawo kuɗin wajen da za a yi komai da shi. Hujjar za ta yi ƙarfi in ɗakunan da ake da su suna cika, kuma in ana ganin kuɗin yana dawowa kan rufin mutane kamar yadda aka gani a shekarun 1990. Yanzu kuwa mai zama a Centro Habana yana hango hasumiyar daga barandar da aka tokare masa da katako.

Baƙo ma yana da nasa rabon a wannan magana. Akwai masu zuwa Habana musamman don fentin da ya koɗe, suna cewa a zo a gani kafin ta canja, wasu har suna ƙorafin cewa gyararrun tituna sun yi tsafta da yawa, sun rasa ruhinsu. Ba na musun kyan. Hasken la'asar a kan koɗaɗɗen bangon Malecón abu ne da ke shiga zuciya. Amma bangon da ke ba da wannan launi laima ce ta cinye shi, kuma a bayansa akwai uwar da ke jan gadon yaranta daga ƙarƙashin tsaga duk sanda hadari ya haɗu. Wanda ya ga kyan ya kamata ya ga wannan ma, ya kuma nemi izini kafin ya kutsa da kyamara cikin tsakar gidan mutane.

Dokar 2011 da ta halatta sayar da gida, da tallafin kayan gini da aka fara bai wa marasa ƙarfi a 2012, da damar da aka faɗaɗa ta bai wa baƙi hayar ɗaki da buɗe gidan abinci, sun kawo wani nau'in gyara na biyu, wanda ba na ofishi ba. Mai ɗan'uwa a Miyami ko Madrid da ke aiko da kuɗi, ko mai saukar da baƙi, yakan gyara nasa sashen tsaf, ya sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, ya yi wa barandarsa fenti. Shi ya sa za ka ga bene guda, hawa na biyu yana walƙiya, na uku yana zubar da shafe a kansa. Wannan rabo kuma ba daidai yake faɗuwa ba, don iyalan da suka fi samun aike daga waje yawancinsu farare ne, jikokin bayin da suka fasa dutsen kuwa su suka fi yawa a cikin solar. Kuma ko mai kuɗin, ikonsa a bakin ƙofarsa ya tsaya. Rufi da matakala da ginshiƙan da ke ɗauke da shi da maƙwabtansa duka sun fi ƙarfin aljihun iyali guda, gyaransu na bukatar injiniya da rodi da siminti mai yawa da wurin da za a ajiye mazauna har a gama, a lokacin da masana'antun simintin ƙasar ke fitar da kaɗan daga abin da suke iya yi, matasa masu sana'a kuma suna cikin ɗimbin mutanen da suka bar tsibirin tun 2021.